Hannun da Ke Bayan Faifai

Duk wanda ya taɓa shiga falon Malam Isiyaku a unguwar Hausawa ta Anacha ya san faifan nan. Yana rataye a ɗan siririn bangon da ke tsakanin ƙofa da taga, daidai kan mutum, ya koɗe har ba a bambance jansa da korensa. Matan unguwa sun yi wa Hajo, matar gidan, tsiya a kansa har sun gaji. Maƙwabciyarta Indo, wadda bakinta ba shi da linzami, takan ce, "Ke Hajo, mijinki na sauke shanu mota-mota a kasuwar Head Bridge, amma kin rasa abin ado sai wannan tsumma? Ko gadon kakarki ne?" Hajo sai ta yi murmushi ta ce ai tsohon abu ya fi auki, ta jawo wata hirar.

Ba faifan take so ba, abin da ke bayansa ne.

Shekarar da aka buɗe gadar Kwara, Malam Isiyaku ya samu ɗan sarari ya sa aka shafe falon da siminti. Ɗansu Hammadu bai wuce shekara huɗu ba a lokacin, ya hana magini sakat da ƙiriniya. Uban ya sunkuce shi sama don ya raba shi da bokitin kwaɓi, yaro kuwa ya miƙa hannu ya dafa ɗanyen simintin, tafi da yatsu duka suka fito raɗau. Magini ya ɗauko cokalinsa zai shafe, Malam Isiyaku ya ce ya bari, wai simintin ya riga ya sha iska. Simintin da ko minti bai yi ba! Hajo tana bakin madafa tana kallo, ta ce, "Ɓarna dai, ba a iya komai ba sai ita," ta shige ciki ta toshe baki da gefen zani tana dariya.

Hammadu ɗan fari ne, Hajo kuma 'yar gidan kunya ce, daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Da a gida ne, da kaka ta ɗauke shi tun daga yaye, kowa ya huta. To, a Anacha babu kaka. Yaro ya tashi a gindin uwarsa, tana ce masa "yaron nan" ko "wancan mai ɓarnar", alhali in ya yi tari ita ce ba ta iya cin tuwo. Tana son sa son da ba ta taɓa yi wa kowa ba, kuma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Sai ƙasa ta rikice. Aka ce 'yan Arewa kowa ya kama hanyar gida. Ranar da suka tashi, tashar mota ta cika maƙil, ba masaka tsinke. Malam Isiyaku ya kutsa gaba neman wuri a mota, Hajo na biye da ƙunshi a ka, hannun yaro a hannunta. Wata mota ta tayar da inji, jama'a suka yo kanta gaba ɗaya, ɗan hannun nan mai gumi ya sulluɓe. Hajo ta yar da ƙunshin ta juya tana ihu, "Kai! Kai yaro! Yaron nan!" A tashar da ke cike da yara, wa zai waiwayo don an ce kai yaro? Sunan yana nan a maƙogwaronta, harshen ne bai san hanyarsa ba. Kafin uban ya dawo ya shiga ƙwala kira, an riga an makara. Ya nema har muryarsa ta dishe, har aka tura su cikin motar ƙarshe da ƙarfi. Ba a sake ganin Hammadu ba.

Da yaƙin basasa ya ƙare suna cikin na farkon da suka dawo, da 'yarsu Mardiya a goye, wadda aka haifa a can Arewa. Mutane suka ce kasuwa ce ta dawo da Malam Isiyaku, shi ma bai musa ba. Sun tarar da gidan ba rufi, ba ƙyaure, ciyawa ta tsiro a tsakar ɗaki, amma siririn bangon nan yana tsaye da hannun a jikinsa. Tun ba a sa kwano ba Hajo ta kafa ƙusa a samansa ta rataya faifai. Mijin ya gani ya wuce. Haka suka zauna, mutum biyu da ciwo ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. In gida ya yi shiru da hantsi, Hajo takan ɗaga faifan ta ɗora tafinta a kai, ta mayar, ta koma wanke-wankenta.

Ana nan kuɗin man fetur ya buɗe. Garin da aka bari kango ya cika da ƙarar injin bulo, kowa na cin nama, shanu ba sa kwana a kara. Falwayoyi suka shigo unguwa, gida-gida ana ja wuta. Malam Isiyaku ya kira Kallamu, wani tsohon soja da ya koyi aikin lantarki a bariki, aka sallame shi bayan yaƙi ya ƙi komawa gida. Dogo ne, mai yawan surutu, Hausarsa rabi da rabi da Turancin bariki, amma kowa ya shaida yana da tsoron Allah a aikinsa. Ma'aikatan lantarki sun riga sun kafa mita a waje, sun huda ƙarƙashin rufi daidai saman siririn bangon, ta nan uwar waya za ta shigo ta sauko zuwa akwatin da zai raba wa ɗakuna wuta.

Hajo tana bayan labule ranar da Kallamu yake yi wa maigidan bayani.

"Baba, ka ga wannan ita ce uwa, ba ta wasa. Zan tona bango in sa ta cikin fayif na ƙarfe, ko ƙusa ta zo sai ta tanƙware. Kuma miƙe take tafiya, daga silin zuwa akwati, no kona-kona. Ka san dalili? Ni zan mutu, kai ma bayan rai mai tsawo, amma bango yana nan. Duk wanda ya zo ya ga akwati, ya ɗaga kai sama, ya san nan waya take kwance, sai ya kai ƙusarsa gefe. Maciji ne a rami, in ka san raminsa kun zauna lafiya."

Ya hau benci da gawayi a hannu ya fara ja layi daga sama. Layin ya sauko, ya sauko, ya zo ya tsaya a bakin faifan.

"Sai an cire wannan, Baba."

Malam Isiyaku ya daɗe yana kallon faifan. Hajo tana jira ya ce a canza wuri, ya kawo ko wace irin hujja, irin ta simintin da ya sha iska. Amma shi ma ɗan fari ɗan fari ne a wurinsa, ga baƙo a tsaye. Ya gyara hula ya ce, "Yi yadda aiki ya ce." Washegari da sassafe ya ɗauki buta da buzunsa ya nufi tashar motar Upper Iweka, wai zai je Arewa sayen shanu, alhali bai gama sayar da na hannunsa ba. Hajo ta ji haushinsa ƙwarai. A ranta ta ce namiji kenan, ya manta.

Da Kallamu ya dawo da guduma da cizal, ya tarar da ita tsaye a gaban bangon da mayafi. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗan nan, kewaya."

"In kewaya me, Inna?"

"Nan wurin. Bi ta gefe."

Ya yi dariya, ya miƙa hannu ya ɗaga faifan, sai dariyar ta tsaya. Mutumin da ya yi yaƙi a wannan ƙasa ba sai an gaya masa ma'anar ɗan ƙaramin hannu a bangon gidan da aka gudu aka bari ba. Ya sauke faifan a hankali ya ce, "Na wa ne?"

Ta kawar da kai. "Na wani yaro ne."

Kallamu ya zauna a kan benci ya share gumi. Ya ce fayif ɗin ƙarfe ba ya lanƙwasa irin wannan lanƙwasa a ɗan wannan wuri, ga gefen taga kankare ne, ba ya tonuwa da zurfi. Ya ce akwai dabara guda: ya bi da fayif ɗin ta saman bango a fili, ya kewaye hannun, kowa yana gani, ba haɗari. Hajo ta girgiza kai. Fayif a fili ya yi kwana ya kewaye faifai, ai Indo kaɗai ta isa ta tara mata unguwa da tambaya. Maigidan kuma in ya dawo ya gani, ya san ta tsallake maganarsa saboda wa? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

"To a jira Baba ya dawo, a kira masu mita su matsar."

"A'a."

"Inna, I beg. Abin da kike so shi ne in binne uwar waya tsirara, ba fayif, ba zurfi, a inda ba wanda zai zaci tana nan. Wannan ba aiki ba ne, tarko ne."

Ba ta yi gardama ba, ba ta roƙe shi ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ta bar su suna zuba, ba ta share ba. Kallamu ya ga abubuwa da yawa a duniya, amma bai iya kallon wannan ba. Ya tashi ya goge layin gawayin da tafin hannu. Ya tona 'yar hanya marar zurfi, ta baro sama ta karkata dama ta bi gefen taga, ta kewaye hannun ta dawo kan akwati. Ya kwantar da wayar ya shafe da filasta, ya bi da farar ƙasa, har ba mai cewa an taɓa wurin. Da zai tafi ya kama yatsanta kamar mai koya wa makaho hanya, ya bi da shi kan bangon.

"Nan take, Inna. Daga ni sai ke muka sani. Kada ƙusa ta taɓa nan har abada. Kuma don Allah ki gaya wa Baba."

Ta ce to. Kowa ya san irin wannan to ɗin.

Malam Isiyaku ya dawo ya tarar da ƙwai yana ci a kowane ɗaki. Ya shigo falo ya tsaya, ya dubi faifan yana nan inda yake. Hajo ta kawo masa ruwa, ta koma madafa ta ba shi wuri. Da ta leƙo ta ga faifan yana ɗan lilo, shi kuma ya juya baya yana gyara zaman rediyo. Ranar ya ci tuwo har da ƙari, ya yaba miyar da ba ta fi ta kullum ba. Bai tambaya ba, ba ta faɗa ba. Ba da jimawa ba Kallamu ya samu aiki da wani kamfanin mai, ya tattara ya koma Fatakwal, aka ce yana zaune wajen Rumuokoro.

Daga nan Hajo ta zama mai gadin bango. Da can hannun kaɗai take tsaro, yanzu har da abin da ke kwance kusa da shi. In an zo fenti tana tsaye, in an zo gyaran taga tana tsaye. Sau da yawa takan shirya maganar tun daga madafa: Malam, akwai waya a gefen tagar nan. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ta san abin da zai biyo: me ya kai ta can? Daga nan sai faifai, daga faifai sai tasha, daga tasha sai abin da ta kasa kira. Sai ta ajiye masa abinci ta ce, "Ga ruwan wanke hannu." Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Hajo ta san karin maganar sarai, ta sha gaya wa wasu.

Mardiya ta girma ta zama 'yar Anacha sosai, Inyamuranci a bakinta kamar a garin aka yanke mata cibi, ga rawar kai. Wata rana ta dawo daga makaranta da kalanda mai hoton jirgin sama, ta samo ƙusa da dutsen niƙa, ta hau kujera ta saita ƙusar a gefen taga. Hajo ta shigo da tire a hannu. Ba ta san lokacin da ta saki tiren ba, ta fizgo yarinyar ta kwaɗa mata mari, marin da ya kai ta ƙasa. Ba ta taɓa dukan ta ba sai ranar. Mardiya ta kasa ko kuka, ta riƙe kunci tana kallon uwarta kamar baƙuwa.

Malam Isiyaku yana zaune a kan buzu da carbi, a gabansa aka yi komai. Ya sallami yarinyar, ya dubi matarsa.

"Uwar Mardiya, me ya yi zafi haka?"

Ga ƙofa a buɗe, shi da kansa ya buɗe mata. Hajo ta buɗe baki, ta dubi gefen tagar, idonta ya zame ya faɗa kan faifan. Ta ce, "Ba na son ana ɓata bango."

Ya bi idonta da kallo ya ga inda ya sauka. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya fahimci komai, ya ci gaba da jan carbinsa. Rabi ya fahimta, kuma da bai fahimci komai ba da ya fi.

Daminar shekarar ta yi ƙarfi, irin ruwan Anacha da ba ya sanin ya isa. Bangon ya sha danshi, simintin da ya jure yaƙi ya fara marmashewa. Wata safiya Hajo tana shara ta ga ɗan ɓarɓashi a gindin bangon, ta ɗaga faifan ta ga kan ƙaramin yatsan ya faɗi. Ta tsince ɓarɓashin ta ƙulle a bakin zani, ta yini ba ta da walwala. Ba ta san cewa maigidan ya riga ta gani ba, tun da asuba da ya fito masallaci.

Ranar sunan jikar Indo, Hajo ta tafi tun hantsi taya aiki. Ana cikin rabon waina bayan azahar, mata na shewa, sai ga Mardiya ta faɗo gidan ba ɗankwali, tana ihu da Hausa da Turancin kasuwa a haɗe. "Inna! Baba! Waya don kach am! Bango ya kama Baba!" Matan suka tsaya suna tambayar wane bango. Hajo ba ta tambaya ba. Ta zari taɓarya a bakin turmi ta fita da gudu ba takalmi.

Ta same shi a tsaye manne da bangon, hannunsa na hagu a kan ƙusa, ƙafafunsa ba takalmi a kan damshin siminti, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ta sa taɓaryar ta ture shi ya faɗi. Maza suka shigo, aka yi fifita, aka yi salati, aka nemo mota. Kafin a kai bakin titi rai ya yi halinsa.

Sai bayan an kai shi an dawo, gida ya cika da masu gaisuwa, Hajo ta lura da abin da ke jingine a bayan ƙofa. Gilashi ne sabo, an yi masa firam na katako mai kyau, ba hoto a ciki, bayansa a buɗe. Faɗinsa bai fi faifai ba.

Mardiya ce ta ba ta labarin, da dare ya yi, suna zaune su biyu a ɗaki. Ta ce Baba ya dawo da gilashin daga kasuwa a naɗe cikin rawaninsa, ya ce ta riƙe masa, za su yi wa Inna abin mamaki kafin ta dawo. Ya sauke faifan, ta ga ɗan hannu, ya ce na yayanta ne, ruwa yana cinye shi, in aka rufe da gilashi zai daɗe. "Ya ce kin fi shi son sa, Inna, wai shi ya sa kika mare ni. Ya ce shekarun baya ya gudu Arewa don kada a fasa a gabansa, ya dawo ya ga Allah ya tsare." Ta ja majina. "Kuma ya yi hankali, wallahi. Ya ɗora yatsa a kan akwatin ya ja shi sama miƙe, ya ce nan hanyar waya ce, Kallamu ya ce ba a taɓa nan, ko ta bayan bango ya bi da ita. Sai ya matsa gefe. Ya buga ta hagu lafiya. Da ya zo ta dama..."

Hajo ta rufe mata baki da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. Ashe bai manta ba. Duk shekarun nan da take jin haushinsa, yana ɗaga faifan nan in ba ta nan, kamar yadda take ɗagawa in ba ya nan. Ya bi ƙa'idar da aka koya masa daidai, ita ce ta karkatar da hanyar ta yi shiru. Ta yi kuka ranar, kukan da ba ta yi a tasha ba, ba ta yi a Arewa ba, har Indo ta shigo ta rungume ta.

Ma'aikatan lantarki sun yanke wutar gidan daga kan falwaya, suka ce ba za su mayar ba sai an gyara. Hajo ta shiga takaba a gida mai duhu, da fitilar ƙwai irin ta da. Bayan an share makoki sai ga Kallamu, labari ya iske shi a Fatakwal. Ya yi ƙiba, ya sa agogo, amma da ya durƙusa a bakin ƙofa gaisuwa sai ya kasa haɗa ido da ita. Ya zo da fayif na ƙarfe a kafaɗa.

"Inna, laifina ne. Ni na san aikin."

"Kai ka faɗa mini gaskiya, ɗan nan. Tashi ka duba."

Ya duba bangon, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ƙusar tana nan a kafe, da baƙin ƙuna kewaye da ita, tsaga ta taso daga gindinta ta ratsa tafin hannun. Ya ce dole a tono ƙonanniyar wayar, kuma simintin ya riga ya saki bango, duk inda ya sa cizal gaba ɗaya zai zubo. Ya ce in tana so a bar shi haka, a zauna ba wuta, a toshe wayar daga sama.

Hajo ta dubi Mardiya da ke raɓe a jikin ƙyaure. Yarinyar nan za ta girma a gidan nan, wata rana a mayar da wuta, wata rana wani ya zo da ƙusa.

"Tona," ta ce. "Ka bi miƙe, yadda kowa zai sani."

Kallamu ya ɗauki guduma. Ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta sauke faifan ta ajiye a ƙasa, ta kira Mardiya ta ɗora ta a kan benci, ta kama hannunta ta ɗora a kan na bangon. Hannun ƙanwar ya rufe na yayan ruf, har yatsu suka yi saura.

"Inna," in ji Mardiya a hankali, "Baba bai gaya mini sunansa ba."

 Leɓunan Hajo suka motsa ba sauti, kamar mai gwada takalmin da ba nata ba. Sannan ya fito, a dishe.

"Hammadu."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, da irin muryar da ake kiran yaro a cikin taro, har Indo ta jiyo daga gidanta ta fito tana tambayar wa ake kira. Ba wanda ya amsa. Hajo ta sauko da 'yarta daga kan bencin, ta ja ta gefe, ta ce wa Kallamu ya fara.